Yadda ake kafa babbar tukunyar ɗumama gini a kan dutsen da dusar ƙanƙara ke rufewa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da war haka.

Mu mutanen Jos muna taƙama da sanyi. Baƙo ya zo mana daga Sakkwato a watan Janairu, ya taɓa ruwan alwala da asuba, sai ka ji yana tambayar motar komawa gida. Amma duk sanyin namu, ruwa ba ya daskarewa a buta. Akwai garuruwan da suke kan tudu kamar mu, su kuwa dusar ƙanƙara ce ke toshe musu ƙofa wata da watanni. Garin Davos na Suwizalan yana kan tsayin kusan mita 1,560. Aspen, a jihar Kolorado ta Amurka, ya kai kusan mita 2,400. Ko a nan Afirka, garin Ifrane da ke tsaunukan Atlas na Maroko, a 1935 an auna sanyin da ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifili. To babban otal ko asibiti a irin wannan wuri, da me ake ɗumama shi, kuma yaya ake kafa abin?

Da ruwa ake yi. Ku dubi wannan zane. Ga tukunyar a ɗakin injuna, masu aikin suna ce mata boila. Wuta na ci a cikinta, da gas ko man dizal, tana ɗumama ruwa zuwa digiri 70 ko 80. Injin tura ruwa ya kora shi cikin bututu, ya zaga ɗakuna, ya bi ta faffaɗan ƙarfen da ke jikin bango, ya bar zafinsa a nan, ya dawo tukunya da ɗan sanyi-sanyi, a sake ɗumama shi. Ruwan nan ba na sha ba ne, ba na wanka ba ne. A rufe yake, shi ne dai yake ta zagaye shekara da shekaru. Duk direban da ya san aikin lagireto ya riga ya gane rabin maganar: a mota ana kwashe zafin inji a zubar da shi waje, a nan kuwa zafin ne abin nema, ɗakin mutane ake kai shi. Dalilin zaɓen ruwa kuwa, lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara iska kusan lita 3,500 kafin ta ɗauka. Siririn bututu zai yi aikin da sai ƙatuwar kafar iska za ta yi.

Wannan a ko'ina haka yake. Abin da dutse ke canzawa na farko shi ne iska, kuma nan nake so mu ɗan zauna, don ya shafe mu kai tsaye.

Wuta ba ta ci sai da iskar oksijin. Kana hawa sama, iska na yin shara-shara. A tsayin mita 3,000, matsin iska ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 in aka kwatanta da bakin teku. Tukunyar da aka daidaita a masana'anta a ƙasa, in aka kai ta can sama aka kunna ba gyara, za ta zuƙi gas yadda ta saba, amma iskar da za ta ƙone shi ba ta kai ba. Wutar da ya kamata ta yi shuɗi sai ta koma rawaya, baƙin hayaƙi ya fara taruwa a ciki, sannan ta soma fitar da iskar nan mai kisa, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai ke kwantar da mutane in an shigar da kaskon gawayi ɗaki an rufe taga, ko an kunna janareta a lungun gida an kwanta. Ba sai na yi wa mutumin Jos dogon bayani a kan wannan ba.

Shi ya sa a Amurka aka daɗe da wata ƙa'ida: in wuri ya wuce tsayin kusan mita 600, ana rage wa tukunyar gas ƙarfin da aka rubuta a jikinta da kashi 4 cikin 100 a kan kowace mita 300. Ku yi lissafin da kanku. Tukunya mai kilowat 1,000, a tsayin Aspen, abin da za ka dogara da shi bai fi 700 ba. Injiniyan da ya manta da wannan zai sayo tukunyar da ta yi daidai a takarda, ranar da sanyi ya tsananta kuma ɗakunan saman bene su ƙi ɗumi. Tukwanen zamani masu fanka suna rage wannan asara, kowane kamfani da nasa jadawalin, don haka littafin tukunyar shi ne alƙali. Jos tana kan kusan mita 1,200, duwatsun Shere kuwa sun doshi 1,800. Ba mu da dusar ƙanƙara, amma ƙarancin iskar muna da rabonmu. Ko ruwan shayi a garin nan wajen digiri 96 yake tafasa, ba 100 ba.

Sai bututun hayaƙi da na shigar iska. Ku lura da inda ma'aikacin nan ya ɗora bakin bututun, can sama da tsayin mutum, alhali ƙasa a bushe take. Lokacin zafi ake aikin, amma da idon hunturu yake auna bangon. Yawancin kamfanoni suna cewa a bar aƙalla santimita 30 tsakanin bakin bututu da iyakar inda dusa ke kaiwa. Kuma dusa ba ta zuba daidai-wa-daida. Iska na tara ta a gefe ɗaya na gini, rufi kuma na zazzago tasa a wuri guda. Gwanin ma'aikaci yakan tambayi maigadi ko tsofaffin unguwa inda take taruwa, don wannan ba ya cikin zanen gini. In bakin ya toshe, sa'a ita ce tukunyar ta kashe kanta. Rashin sa'a, hayaƙin ya komo ciki.

Abokin gaba na biyu shi ne ruwan kansa. In ruwa ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ba bututun da ke jure wannan, na tagulla ne ko na ƙarfe. Muddin injin na tura ruwa mai ɗumi, lafiya lau. Matsalar ranar da guguwa ta kayar da turakun lantarki ce, komai ya tsaya cak. Bututun da ya bi ta gareji ko jikin bangon waje shi ne zai fara fashewa, kuma ba za a sani ba sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya ɓalle ta silin. Saboda haka ake haɗa ruwan da wani sinadari, gilaikol. Kashi 30 cikin 100 yana kare shi zuwa wajen digiri 13 ƙasa da sifili, rabi da rabi kuwa ya wuce 30. Iri biyu ne: na lagireton mota guba ne, don haka a gine-ginen da mutane ke zaune an fi amfani da ɗaya irin, furofilin gilaikol.

Sai dai ba a banza yake ba. Yana sa ruwa kauri, yana rage zafin da yake ɗauka, dole a ƙara girman injin turawa. Ni a ganina wanda ya cika dukan ginin da shi don tsoro ya yi ɓarna. Dabarar da ta fi ita ce a ware bututun da ke fita waje, a ba su nasu zagayen mai gilaikol, na cikin gida su zauna da ruwa zalla, a kuma tanadi janareta mai tashi da kansa. A irin wannan zagaye na waje ne ake shimfiɗa bututu a ƙarƙashin kankaren ƙofar asibiti, dusa na sauka tana narkewa, motar ɗaukar marasa lafiya ta shigo ba santsi.

Wannan jan tankin da kuke gani a gefe, kada ku raina shi. Ruwa in ya tashi daga digiri 10 zuwa 80 yana ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100. A tsarin da ya ci lita 10,000, lita 300 ke nan ke neman wurin zama a cikin rufaffen bututu. Tankin yana da roba a tsakiya, iska a gefe ɗaya, shi ke karɓar rarar. In ya yi ƙarami, bawul ɗin kariya zai yi ta tsiyaya, ana ƙara sabon ruwa, sabon ruwa na kawo oksijin, oksijin na kawo tsatsa. Tsayin ginin ma yana cikin lissafi: kowace mita 10 ta ruwa a tsaye tana danna ƙasa da matsin da ya kai kusan "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, wato kwatankwacin matsin iska a bakin teku.

Kai kayan wurin kuwa wani aiki ne. Hanya siririya mai lanƙwasa, ƙofar ɗakin injuna ƙarama, ga lokacin aiki gajere, don ana so a gama haƙa da zuba kankare kafin ƙasa ta daskare. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi son jera tukwane uku ko huɗu matsakaita maimakon ƙatuwa guda. Sun fi sauƙin ɗauka, in sanyi kaɗan ne ɗaya ta isa, in ɗaya ta lalace kuma hanya a rufe, sauran su riƙe ginin kafin makanike ya iso.

Man da za a ƙona ma sanyi na taɓa shi. Dizal yana yin kauri ya toshe matata. Gas ɗin da ake ɗurawa a silinda kuwa, irin da ake kira butan yana daina tashi da zarar sanyi ya kai wajen sifili, shi kuwa furofan sai ya kai 42 ƙasa da sifili, don haka shi ake kai wa duwatsu.

Akwai wani ɗan bututun roba da sabon shiga ke mantawa da shi. Tukwanen zamani suna tatse zafin hayaƙi har tururin da ke ciki ya koma ruwa, muddin ruwan da ke dawowa daga ɗakuna bai wuce digiri 55 ba. Da haka suke cin moriyar sama da kashi 90 cikin 100 na man. Ruwan da ke ɗigowa yana da tsami mai cin ƙarfe, sai an bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa kafin ya shiga magudana. In aka fitar da bututunsa ta waje, dare ɗaya ya daskare, ruwan ya taru, tukunyar miliyoyi ta tsaya saboda ɗan bututun da bai fi kaurin rake ba.

Ranar kunnawa ba a gaggawa. A wanke bututu, a fitar da dattin walda. A matsa ruwa fiye da yadda zai yi aiki, a zuba wa agogon auna matsi ido ko allurar za ta sauka. A buɗe bawul na can sama a fitar da iska, don kumfa ɗaya tana iya hana bene guda ɗumi. Sannan a soka na'urar auna hayaƙi a bututu, a daidaita gas da iska a nan kan dutsen, ba da lambar da aka zo da ita daga masana'anta ba.

Ga mai otal a Rayfield ko Bukuru da ke shirin sa babbar tukunyar ruwan wanka: gilaikol ba naka ba ne, ajiye kuɗinka. Amma ka rubuta wa mai sayarwa tsayin Jos a takardar oda, ka sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin injin, kada kuma a mayar da ɗakin sito a toshe kafar iska da katifu. Tankin ruwan zafi ya zauna a digiri 60, don ƙwayar cutar lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewarta a wani otal a birnin Filadelfiya na Amurka a 1976, tana yaɗuwa ne a ruwa mai ɗumi-ɗumi tsakanin digiri 20 da 45. Kafin ya isa banɗaki kuma a sa bawul mai sirka shi da na sanyi, kada ya ƙona yara.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.