Darasi: Yadda ake jagorantar ayari a gaɓar tekun gandun Olympic

HAJIYA: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu leƙa gaɓar tekun Fasifik a jihar Washington ta Amurka, cikin gandun ƙasa na Olympic, wanda aka kafa a 1938, aka haɗa masa bakin teku a 1953. Gaɓar ta kai mil 73, kuma yawancinta babu titin mota. Za mu ɗauki hanya guda mu bi ta daki-daki, wato daga Third Beach, kusa da garin La Push na ƙabilar Quileute, zuwa Oil City a bakin kogin Hoh. Mil 17 ce, kimanin kilomita 27, kwana uku ko huɗu da kaya a baya. Za mu riƙa faɗin sunayen wuraren yadda suke a taswira don kada a ruɗe. Malam, wanda aka ɗora wa jagorancin ayari, daga ina zai fara?

MALAM: Wa alaikumus salam, Hajiya. Daga jadawalin ruwa zai fara, tun kafin ya tsayar da rana, tun kafin ya ce wa kowa ya nemi hutu a wurin aiki. Teku a can tana cikowa sau biyu, tana janyewa sau biyu a kowane awa 24 da minti 50. Tsakanin janyewa da cikowa awa shida ne da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Janyewa biyun nan ba daidai suke ba, ɗaya takan fi ɗaya nisa. Hukumar NOAA, mai kula da harkokin teku da yanayi a Amurka, tana fitar da jadawalin, na tashar La Push za a ɗauka, a buga shi a takarda a sa a leda. Kada a dogara da waya, don sabis ba ya samuwa a mafi yawan hanyar.

HAJIYA: Wanda ya saba lissafin kwanan wata ma yana da sauƙi a nan.

MALAM: Ƙwarai kuwa. A tsayuwar wata da daren sha huɗu, ruwa ya fi cikowa kuma ya fi janyewa. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu, bambancin yakan ragu, ruwan ba ya ja da baya sosai. To akwai wurin da ake kira Diamond Rock, dab da ƙarshen hanya ta kudu. Ba ya wucuwa sai tsayin ruwa a ma'aunin jadawalin ya sauka zuwa ƙafa 2 ko ƙasa da haka, kuma babu hanyar kewaye ta tudu. Akwai ranakun da ruwa ba zai sauka haka da rana ba sam. Shi ya sa ake lissafi daga baya zuwa gaba: a nemo ranar da Diamond Rock zai buɗe da safe, sannan a ƙirgo kwanaki a san ranar tashi. A watannin bazararsu, Yuni zuwa Agusta, babbar janyewa takan faɗo da safe, wannan ya sa lokacin ya fi dacewa da ayari.

HAJIYA: A yi mana lissafin a fili, don nan mutane suke kuskure. Suna ganin an rubuta ruwa zai janye ƙarfe tara, sai su ɗauka suna da har azahar.

MALAM: To a ɗauki biro. A ce jadawali ya nuna ƙafa 1 da ƙarfe 9 na safe, ƙafa 7 da misalin ƙarfe 3 da kwata na yamma. Bambanci ƙafa 6 ke nan. A raba shi gida 12, kowane kaso rabin ƙafa. Ruwa ba ya hawa da gudu ɗaya. Awa ta farko kaso 1 yake hawa, ta biyu kaso 2, ta uku kaso 3, ta huɗu kaso 3, ta biyar kaso 2, ta shida kaso 1. Saboda haka ƙarfe 10 yana ƙafa 1 da rabi, ƙarfe 11 yana ƙafa 2 da rabi, ƙarfe 12 ya kai ƙafa 4. Ƙofar Diamond Rock ta rufe tun wajen 10 da rabi. Ta buɗe ne wajen 7 da rabi, lokacin da ruwa yake kan sauka. Jagora nagari yana isa bakin dutsen da jama'arsa tun ruwa bai gama janyewa ba, ya shiga yana bin ruwan a baya. Wanda ya iso bayan ruwa ya juyo, tsere yake yi da teku, da mutum goma masu kaya a kan duwatsu masu santsi.

HAJIYA: Kuma lambar da ke takarda ba ta san da iska ba.

MALAM: Ba ta sani ba. Idan an yi hadari a cikin teku, igiyar ruwa takan hau sama da abin da aka rubuta. Idan ido ya ga ruwa yana dukan gindin dutsen, a zauna a jira janyewa ta gaba, ko da takarda ta ce a wuce. Don haka ake ɗaukar abincin yini ɗaya na ƙari.

HAJIYA: Ni a ganina ayarin da ke da sababbin shiga gara ya faro daga Oil City, ya gama da Diamond Rock a safiyar farko, sauran kwanakin hankali kwance.

MALAM: Akwai hikima a nan, Hajiya, ba na musu. Abin da za a auna shi ne, a ranar farko kaya sun fi nauyi, ƙafa ba ta saba ba, ga tsallen manyan duwatsu, ga hawan tudun Hoh Head nan take. Idan ayarin masu ƙarfi ne, a faro daga kudu. Idan akwai masu rauni, a faro daga Third Beach su saba a hankali. Ko ta ina aka faro, a ajiye mota ɗaya a ɗaya bakin, don hanyar ba ta zagayowa. Oil City kuma suna ne kawai, babu gari babu mai, wurin ajiye mota ne a ƙarshen hanyar daji.

HAJIYA: Mu zo kan takardu. Kwana a cikin gandun sai da takardar izini, ana yankarta ta shafin Recreation.gov, a rubuta zangon kowane dare. Ayari ba ya wuce mutum 12 har da jagora. Idan an fi haka sai a rabu biyu, kowa da takardarsa da zangonsa. Wanda zai karɓi kuɗi ya yi jagoranci kuma sai ya sami lasisin kasuwanci daga hukumar gandun. Mai shiga ayarin kuɗi ya tambayi wannan lasisin kafin ya biya. Ba a shiga da kare. To mu bi hanyar.

MALAM: Daga wurin ajiye mota, tafiyar mil ɗaya da kusan rabi ce cikin kurmi zuwa rairayin Third Beach. A ƙarshen rairayin akwai Taylor Point, hancin dutse ne da ya kutsa cikin teku, ba a zagaya shi ta ƙasa ko ruwa ya janye. Za a ga faifai mai launin baƙi da ruwan lemo a maƙale a bishiya, shi ne alamar hanyar tudu. Duk inda aka wuce irin wannan faifan, jagora ya nuna wa kowa, don nan ne mafita idan ruwa ya tare gaba. Hawan kuwa da igiya ne da tsani na waya mai matakan katako, a jikin gangare mai laka. Mutum ɗaya a kan tsani a lokaci guda. Na ƙasa su matsa gefe, don dutse ko laka na iya gangarowa. A ja igiyar da ƙarfi a gwada ta kafin a ba ta nauyi. Sandar tafiya a ɗaure ta a jaka, hannu biyu su zama a sake, kuma safar hannu irin ta masu aikin lambu tana hana igiya cin tafi. Mataimakin jagora ya fara hawa ya tsaya a sama, jagora ya zama na ƙarshe.

HAJIYA: Kuma a lissafa lokacin. Idan kowa zai ci minti uku a tsani ɗaya, mutum 12 sun cinye fiye da rabin awa.

MALAM: Abin da ke rusa lissafin ruwa ke nan. A kan rairayi mai tauri ana yin mil biyu a awa, amma a kan duwatsu da tsani, mil ɗaya a awa ma an gode Allah. Daga nan sai Scott's Bluff, sai Strawberry Point, a kwana a Toleak Point, mil shida da 'yan kai daga mota. Washegari a hau tudu a gangara rafin Goodman. Wannan rafin ruwan teku yana shigowa cikinsa, don haka da janyewar ruwa ake ƙetare shi, kuma bayan ruwan sama mai yawa yakan gagara. A kwance maɗaurin ƙugu da na ƙirji na jaka, don idan mutum ya faɗi ya iya yar da ita. A shiga da takalmi, a fuskanci inda ruwa yake fitowa, a dogara sanda. Idan ya wuce gwiwa kuma yana gudu, a koma a jira. Zango na biyu Mosquito Creek. Daga nan Hoh Head, mil uku da rabi cikin kurmi da laka, shi ma ba a zagaya shi ta ƙasa, a sauka Jefferson Cove, sai Diamond Rock.

HAJIYA: Wurin kafa tanti fa? Baƙo yana ganin rairayi mai laushi sai ya shimfiɗa.

MALAM: A duba layin da cikowar jiya ta bari, inda ciyawar teku da ɓawon kaguwa suka jeru a kan rairayi. A duba jadawali a ga ko cikowar daren nan ta fi ta jiya. Idan ta fi, a haura sosai, ko a shiga zangon da ke cikin bishiyoyi. Gumaguman itacen da teku ta jibge a gaɓa kuwa, kada a kwana a tsakaninsu, kada a hau su idan ruwa yana taɓa su. Igiyar ruwa tana mirgina gungumen da mutum ashirin ba za su ɗaga ba, kuma ya sha kashe mutane a gaɓar nan. A rairayi turakun tanti ba sa kamawa, sai a ɗaura igiyar a guntun itace a binne shi a kwance. Wuta da itacen da teku ta kawo ake hura ta, ƙarama, nesa da gumaguman, a kashe da ruwa. Idan an rufe ta da rairayi kawai, garwashin yana nan da rai har safe, ya ƙone ƙafar wani. A ƙarshen bazara akan hana wuta gaba ɗaya, saboda haka girki a ɗan murhun gas ne.

HAJIYA: Batun abinci ni zan yi bayaninsa. Doka ce a duk gaɓar, abinci da shara da duk abin da ke da ƙamshi, har man goge baki da turare, su kwana cikin mazubi mai tauri mai murfin kulle, wanda aka yi don kada dabbar beyar ta iya buɗe shi. A bakin tekun, ɓarawon da ya fi damun mutane shi ne rakun, wata 'yar dabba mai hannu kamar na yaro, tana buɗe zif, tana hawa igiya, shi ya sa rataye abinci ba ya aiki. Mazubi mai lita 11 yana ɗaukar abincin mutum biyu na kwana uku idan an cire kwalaye an matse. A lissafa giram 700 zuwa 900 na busasshen abinci ga kowane mutum a yini: kuskus, taliya, garin rogo, madarar gari, gyaɗa, dabino, ƙuli-ƙuli, kayan shayi. Mai tahowa daga gida kada ya sako kilishi a jaka, kwastan na Amurka ba sa barin irin wannan naman ya shiga, a nemi busasshen nama na halal a can. Da dare a ajiye mazubin nesa da tanti, kuma sama da inda ruwa zai kai.

MALAM: Ruwan sha daga rafuka ne, kuma za a gan shi ja kamar shayi. Jiƙon ganye da saiwoyi ne, launin ba ya cutarwa. Abin da ke cutarwa ƙwayoyin da ido ba ya gani ne, masu sa gudawa, kuma akwai wadda maganin aidin ba ya kashewa. A tace da matacin ruwa, ko a tafasa ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. A ɗebo daga can sama inda gishiri bai kai ba. Lita uku ga mutum a yini, matata biyu ga ayari, don wannan ruwan yana saurin toshe su. Alwala kuwa ruwan teku ya wadatar, mai tsarki ne, sai dai a ɗebo a buta a koma tudu, kada a tsuguna a ba teku baya. Alƙibla daga can tana arewa ne da ɗan karkata gabas, ba gabas sak kamar yadda aka saba a gida ba.

HAJIYA: Wasu zangunan suna da masai na rami. Inda babu, a shiga kurmi taki 70 daga ruwa da zango, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a rufe. Sutura kuma, yankin nan yana samun ruwan sama kusan mita uku a shekara, ruwan tekun ma bai cika wuce digiri 13 ba ko a bazara. Auduga idan ta jiƙe tana zuƙe ɗumin jiki, don haka a bar shadda da wandon jins a mota, a sa ulu ko yadin roba, da rigar ruwa da wandonta. Jakar barci da kayan canji su shiga babbar leda a cikin jaka. Nauyin jaka kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin mai ita.

MALAM: Jagora ya riƙa kallon fuskoki. Wanda ya fara karkarwa, yana tuntuɓe, magana tana harɗe masa, sanyi ya ratsa shi. A tsaya nan take, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa shi a jakar barci a kan tabarma, a ba shi shayi mai sukari idan yana iya haɗiya. Wanda ya ji takalmi yana ƙuna a dunduniya ya faɗa tun bai zama bororo ba, a manna filasta. Idan kuma ƙasa ta girgiza, ko aka ga teku ta ja baya fiye da kima ba lokacinta ba, a bar tanti da kaya a haye tudu mafi kusa, a zauna can. Gaɓar nan ta ga girgizar ƙasa da ambaliyar teku a watan Janairun 1700.

HAJIYA: Na ƙarshe, a bar wa wani amintacce a gari takarda mai sunayen ayari, lambar motoci, zangon kowane dare, da sa'ar da zai kira hukumar gandun idan bai ji ɗuriyarku ba. Jagora ya riƙe na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, kowa kuma da usur da fitilar goshi a aljihun sama na jakarsa. Malam, mun gode, Allah ya saka da alheri.

MALAM: Amin, Hajiya, ni ma na gode. A huta lafiya.