Ƙarar da ke saman kai: hira a kan rufin mota

Mai shiri: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka. Yau daga Tawa muke, a ƙarƙashin rumfar gareji, don haka in kun ji guduma daga nesa ku yi mana afuwa. Ga Baba mai garejin a gefena, ga kuma Hajiya, 'yar kasuwa, wadda kusan kowane mako tana kan hanyar Ƙonni. Ita ce ma ta kawo maganar da za mu yi. Baba, ina wuni?

Baba: Lafiya lau, ɗana. Sannunku da zuwa. Hajiya, ya hanya?

Hajiya: Alhamdu lillahi, Baba. Hanya dai da sauƙi, amma motar nan ta hana ni sakat. Wata uku ke nan, da na fita gari na kama hanyar Badagishiri, sai in ji wani abu a saman kaina, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. In na tsaya, shiru. A kwalta mai laushi ma shiru. Amma tayar na taɓa gargada sai ta dawo. Kafin in isa Tsernawa kaina ya yi nauyi.

Mai shiri: Kin kai ta wani wuri kafin nan?

Hajiya: Na kai. Yaron garejin bai ko shiga motar ba, ya ce sai an sauke silin ɗin gaba ɗaya. Na bari aka sauke, aka mayar, na biya. Washegari ƙara na nan, kuma ga wata sabuwa ta bayan kujera, don sun karya maɗaurai biyu wajen cirewa. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Baba: Ai dole. Abin da nake faɗa wa yarana kullum ke nan: ƙara da kunne ake kama ta kafin a ɗauki ƙarfe. Silin ɗin nan, wanda mu a gareji muke ce wa falafo, maɗauran roba ne ke riƙe da shi. Motar da ta yi shekara goma ko sha biyar a Turai, ta sauka a Kwatano ko Lome, sannan ta zo ta sha ranar Adar, robarta ta bushe kamar ƙashi. Ka ja ta sau ɗaya ta karye. Duk sauke silin da aka yi ba dole, an ƙara wa mota wurin yin ƙara.

Mai shiri: To Baba, a ce ni ne na kawo mota. Daga ina za ka fara?

Baba: Daga kwashe kaya. Kar ka raina wannan. Akwatin tabarau da ke sama kusa da fitila, katin da aka soke a makarin rana, carbi a wuyan madubi, tsabar kuɗi a aljihun ƙofa, duk a fitar. In akwai ƙarfen ɗaura kaya a kan rufi, ka kama shi ka girgiza, don notinsa ɗaya in ya kwance, a ciki za ka rantse daga silin ƙarar take. Bayan nan sai mu shiga mota mu biyu. Mutum ɗaya ba ya neman ƙara, don mai tuƙi idonsa na kan hanya ne. Wani ya tuƙa, ni in zauna, mu nemi hanyar da takan sa ta yi kukan, mu bi ta da gudun da takan yi.

Hajiya: Ƙarar motata tana yi ne in ina tafiya a hankali. In na taka sosai sai ta ɓace.

Baba: Yauwa, irin wannan bayanin nake so. Sai in ce da direba ya riƙe gudun nan. Ni kuma in shimfiɗa tafin hannu a silin, in danna, in matsa taƙi ɗaya, in sake dannawa. Daga gaba wajen madubi har baya. In kama marikin hannu na saman ƙofa, in kama makarin rana, in danna murfin fitila. Inda na danna ƙara ta ɗauke, in saki ta dawo, to na kusa. Sai in manna ɗan salatif a wurin don kar in manta.

Mai shiri: Amma na ji ana cewa ƙara takan yaudari kunne.

Baba: Sosai. Rufin mota faifan ƙarfe ne mai faɗi, kamar fatar ganga. Abu ya buga a baya, sautin ya bi ƙarfe ya fito a kan direba. Na sha ganin wanda ya ce gilashin rufi ne, ashe maɗagin bel ne da ke jikin ginshiƙin tsakiya, ko ƙofar but da ba ta kama sosai. Shi ya sa nakan canza kujera, in zauna gaba, in koma baya. Kuma ita ƙarar kanta iri-iri ce, kowace da abin da take faɗa. Ƙas-ƙas mai sauri, abu ne mara nauyi yake bugun ƙarfe, yawanci waya ko karyayyen maɗauri. Ƙiii-ƙiii, abu biyu ne ke gogar juna, roba da fenti ko roba da gilashi. Bum-bum kuwa, kamar an buga tulu, shi rufin ne da kansa.

Hajiya: Rufin da kansa kuma? Ta yaya?

Baba: A ƙarƙashin ƙarfen rufi akwai sanduna da aka gitta, kamar azara a ɗaki. Tsakaninsu da rufin wani gam ne mai taushi. In zafi ya cinye shi ya saki, rufin sai ya riƙa dukan sandar. Gwajinsa ba wuya: ka tsaya a waje ka bubbuga rufin da gefen hannu, wuri-wuri. Inda gam yake riƙe za ka ji sauti a toshe, inda ya saki za ka ji yana rawa. Wannan kam sai an sauke silin, amma ka ga an sauke shi ne da sanin abin da ake nema.

Mai shiri: Mu dawo kan gilashin rufi mai buɗewa, don motar Hajiya tana da shi, kuma da yawa cikin motocin da ake shigowa da su yanzu suna da shi.

Baba: To, nan ne aikin yake. Gilashin nan yana tafiya ne a kan dogo biyu, dama da hagu, ƙaramin inji na jan shi da igiyar ƙarfe. A gaba akwai ɗan makarin iska da yake miƙewa in an buɗe. A ƙasa akwai murfin inuwa da ake ja da hannu. A kewaye kuma roba. Kowane cikin waɗannan yana iya yin ƙara, saboda haka ɗaya bayan ɗaya ake bi. Ana cikin tafiya sai in ja murfin inuwa in buɗe shi duka. Ta ɗauke? To shi ne. Ba ta ɗauke ba, sai in tura gilashin sama da hannuna. Sai in ɗaga bayansa da maɓalli, in saurara. Sai in buɗe shi rabi, in riƙe makarin iskan. Abu ɗaya nake canzawa kowane lokaci. In ka canza uku a tare ƙara ta tafi, ba ka san wanne ne ba, gobe in ta dawo ka koma farko.

Hajiya: Ni fa tun da na sayi motar ban buɗe gilashin nan ya kai sau biyar ba. Wa zai buɗe rufi a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40?

Baba: Ai rashin buɗewar ma yana cikin ciwon. Taso ki gani, Hajiya. Ɗana, riƙe abin ɗaukar maganar nan kusa. Na buɗe shi yanzu. Sa yatsa a cikin dogon nan.

Hajiya: Subhanallahi. Ja wur, kuma da kaushi kamar an kwaɓa rairayi da man shanu.

Baba: Ƙurar hunturu ce ta haɗu da tsohon giris. Tun daga Nuwamba har Fabrairu tana sauka, robar ba ta hana ta shiga duka. In ta taru sai ta zama kamar takardar goge katako, tana cin ƙafafun robar da gilashin ke zamewa a kai. In suka siɗe, gilashi ya sami wurin rawa. Dubi nan kuma, gefen makarin iska. Kin ga inda fenti ya goge yana walƙiya? A nan akwai ɗan matashin roba, na hagu yana nan, na dama ya faɗi. Ƙarfe ne yake dukan ƙarfe. Ina kyautata zaton tsakuwarki ke nan, amma sai mun hau hanya na tabbatar.

Mai shiri: Wato abin da aka sauke silin dominsa, daga sama ake ganinsa.

Baba: Daga sama, da ido. Maganin kuma a wanke dogon da tsohon buroshin haƙori da tsumma, a fitar da dattin nan tas, sannan a shafa giris kaɗan, siriri. Kar a cika, don mai yawa ƙura yake kira. Inda matashi ya faɗi a manna ɗan ƙyalle mai kauri ko guntun robar tayar keke. Robar kewaye kuwa a goge ta da ruwa da sabulu, ta bushe, a shafa man silikon. A nan nake roƙon mutane: kar a sa baƙin mai, kar a sa gas, kar a sa giris na ƙafar mota a jikin robar nan. Man fetur da danginsa suna kumbura irin wannan robar, ta yi laushi ta lalace. Za ka ji shiru na mako biyu, daga baya ka nemi sabuwar roba, kuma samunta a nan ba ƙaramin aiki ba ne, sai an aika Yamai ko an ciro daga motar da ta mutu.

Mai shiri: In gilashin ne kansa ya yi sako-sako fa?

Baba: Kusoshi ne ke riƙe da shi ta gefe, daga ciki, galibi masu kan tauraro. Ana iya ɗaure su, kuma da su ake daidaita tsayinsa. Ƙa'idar da aka saba, gaban gilashin ya yi daidai da rufi ko ya ɗan nutse kamar milimita 1, bayansa ya yi daidai ko ya ɗan ɗago, don iska ta zame ta wuce. In aka juya, sai ka ji fito a kunne in kana gudu. Kafin ka kwance ka yi alama da biro inda kusar take. Kuma kar ka ɗaure da ƙarfin tuwo, gilashi ne.

Hajiya: Baba, akwai wani abu. Bara da ruwan farko, na ga gefen silin ya jiƙe wajen ginshiƙin gaba. Shi ma robar ce?

Baba: Ba lallai ba. Mutane suna zaton robar ce ke tare ruwa duka. A'a. An san kaɗan zai wuce, shi ya sa a ƙarƙashi akwai makwarara, a kusurwoyi huɗu kuma akwai rami, kowane da tiyo da ya bi cikin ginshiƙi ya zubar a ƙasan mota. Mu nan wata bakwai ko takwas ba ruwa, ƙura na taruwa a bakin ramin. Ruwan Yuni na sauka ta zama taɓo ta toshe. Ruwa ya cika makwarara ya zubo kan silin. Silin ɗin kuma allo ne, da soso siriri, da yadi a manne. Zafi ya riga ya mayar da soson gari, ruwa ya zo ya ƙarasa, sai yadi ya saki ya sauko kan mutum. Don haka kafin damina a zuba ruwa kofi ɗaya a kowace kusurwa, a leƙa ƙasa a ga ya fito. In bai fito ba a zura igiyar roba mai ɗan ƙarfi a hankali. Kar a sa iskar injin faci da ƙarfi, tana fizge tiyon daga bakinsa a can ciki, daga nan ruwa cikin mota zai riƙa zuba. Shi tiyon ma in ya fita daga maɗaurinsa yakan riƙa taɓa ƙarfe, tak-tak, a cikin ginshiƙi.

Mai shiri: Akwai samari masu saurarenmu da suke son taɓa motarsu da kansu. Ina ne za su tsaya?

Baba: Wanke dogo, shafa silikon, gwada ruwa, ɗaure marikin hannu, duk su yi. Amma gefen silin, daga saman ƙofa, a yi hattara. Motoci da yawa na yanzu suna da jakar iska, wadda ke kumbura ta fito in an yi haɗari, a naɗe a wurin, tun daga ginshiƙin gaba har baya. Za ka ga an rubuta a jikin ginshiƙin, kuma mahaɗin wayarta rawaya ne. Kafin a sa hannu a kashe mota, a cire kan batir na baƙar waya, a jira. Littafin gyaran Toyota daƙiƙa 90 ya ce aƙalla, ni nakan ba ta minti biyar. Kuma abin da ya fi tsorata ni, masu cusa soso ko tsumma ko kwali ta gefen silin don kashe ƙara. Ranar haɗari jakar nan ta nan za ta fito ta kare kan mutum. In ka toshe mata hanya, ka taɓa ran wanda ke zaune a kujerar. In waya ce ke bugawa, a naɗe ta da ƙyalle mai laushi, a mayar da ita inda take tun asali, nesa da jakar.

Hajiya: Wallahi yaron can na ga ya tura soso ta gefen ƙofar baya.

Baba: To shi za mu fara cirewa, yau ɗin nan, kafin ki sake ɗaukar yara a ciki. Maɗaurai biyun da suka karye ina da irinsu a gwangwani.

Mai shiri: Tambaya ɗaya da wani direban hanyar Abalak ya aiko. Ya ce in ya buɗe gilashin rufi yana tafiya, sai ya ji wub-wub-wub a kunne har kansa ya yi ciwo.

Baba: Wannan ba lalacewa ba ce. Iska ce ke wucewa ta bakin ramin, kamar yadda yaro ke hura bakin kwalba. Ya sauke gilashin ƙofar baya kamar yatsa biyu, ko ya ɗan rage buɗin, za ta daina. Ya kuma duba ko makarin iskan yana miƙewa, don aikinsa ke nan.

Mai shiri: Madalla. Hajiya, kina da lokaci mu hau hanya yanzu?

Hajiya: Ina da shi. Bayan tasha akwai wata hanyar jar ƙasa, ba ta taɓa wucewa nan ba ta yi ba.

Baba: To ke za ki tuƙa, tunda ke kika san gudunta. Ni zan zauna baya ta dama. Ɗana, ɗauko min salatif ɗin can da guntun robar nan, ka zauna gaba ka riƙe makarin iska in na ce ka riƙe.