Sharhi: Odar kayan mota daga waje da lissafin kwastam

Jama'a masu saurare barkanmu da wannan lokaci. Yau sharhin namu a kan kayan gyaran mota ne, irin wanda mutum zai zauna da wayarsa ya yi oda daga Dubai ko China ko Amurka, da kuɗin fiton da ke jiran kayan in sun sauka, don magana ce da ta shafi bakanike, ta shafi mai mota, ta kuma shafi ɗan kasuwa.

Motocin yanzu ba irin na da ba ne. A da bakanike zai kwance kafireto ya wanke da fetur ya hura da baki ya mayar, mota ta tashi. Yanzu kuwa sai an jona kwamfuta ta nuna sensa kaza ce ta mutu ko birenbos, wato kwamfutar motar, ne ya ƙone, kuma dole sai wanda lambarsa ta zo daidai da ta motar. A zaga Ƙofar Ruwa a Kano babu, a buga waya Panteka a Kaduna babu, a tambayi Ladipo a Legas a ce sai kwantena ta iso, mota tana jingine a gareji ƙura ta rufe gilas tayoyi sun fara sacewa, sai yaron gareji ya buɗe eBay ko AliExpress ya ce oga ga shi nan fa, kuma da araha. To wannan farashin da ya gani a waya ba shi ne abin da za a biya ba, kuma daga nan rigima ke farawa tsakanin bakanike da mai mota, har a kai ga zargin cuta alhali babu wanda ya ci na wani.

Akwai wani sauƙi da aka samu wanda abin takaici yawancin mutanenmu ba su ma ji labarinsa ba. Hukumar Kwastam ta Najeriya ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi ta sanar da cewa daga ranar 8 ga Satumban 2025, ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, waɗanda suka zo ta kamfanin aika saƙo ko a jakar matafiyi, ba za a biya musu kuɗin fito ba, matuƙar ba sa cikin kayan da aka haramta ko aka taƙaita shigowa da su. Sai dai an sa sharaɗi, sau huɗu kawai a shekara. Kuma ku duba lokacin da abin ya zo, ƙasa da mako biyu kafin nan, a ranar 29 ga Agustan 2025, Amurka ta soke nata rangwamen na dala 800 da ta daɗe tana yi wa ƙananan kaya, Tarayyar Turai ma tun Yulin 2021 ta daina yafe harajin VAT ga kayan da ba su kai yuro 22 ba. Wato manyan ƙasashe suna tsuke ƙofa mu an ɗan buɗe mana, kuma ni a ganina wannan mataki ne mai kyau da ya cancanci yabo. Sensa, fulogi, famfon mai, makunnin gilas, ƴan ƙananan abubuwan da ke tsayar da mota wata guda, da yawansu suna shiga cikin wannan iyaka.

Amma da zarar kaya sun haura dala 300, to an koma lissafin da aka saba, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Kwastam ba a kan kuɗin kayan kaɗai take ɗora haraji ba, tana haɗa kuɗin kayan da kuɗin dakon jirgi da inshora ne, jimillar ita ake yi wa lissafi. Kayan mota kuma ƙarfe ne, nauyi gare su, giyabos ko shokazoba kuɗin ɗauko su a jirgin sama kan iya yin kusa da kuɗin sayensu. Sannan Najeriya tana bin tsarin harajin bai ɗaya na ECOWAS mai matakai biyar, kashi 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, kowane kaya da lambarsa a kundin kwastam. Yawancin kayan jikin mota suna ƙarƙashin lamba 8708, amma batir da taya da fitila da filta kowanne gidansa daban, shi ya sa mutum biyu za su yi odar kayan mota a rana ɗaya a caje su kaso daban-daban.

Bari mu yi misali don abin ya fito fili. A ce ka sayi kaya na dala 500, dako da inshora dala 150, ya zama 650. A ce kason kayan 10 ne cikin ɗari, fito ya zama dala 65. Sai VAT na kashi 7.5, wanda ake karɓa a haka tun Fabrairun 2020, shi kuma a kan jimillar da fiton ke ciki ake ɗora shi, kusan dala 54 ke nan. Ka ga an kai dala 769 tun ba a zo kan sauran ƙananan caji ba. In muka ɗauka dala tana naira 1,500, abin da ka gani a waya naira 750,000 ya koma sama da miliyan 1 da dubu 150. Mai mota da aka ce masa ya kawo dubu 750 in aka dawo masa da wannan ai dole ransa ya ɓaci.

Ga kuma canjin dala, don kwastam da farashin hukuma na lokacin take lissafi. Kafin Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023 dalar kwastam naira ɗari huɗu da ƴan kai ce, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500, kason haraji bai motsa ba amma abin da ake biya ya ninka fiye da sau uku. Ƴan kasuwar sifiya da ke ɗauko kwantenar kayan Beljiyam daga Sharjah su suka fi kowa ɗanɗana wannan, kuma shi ne dalilin da rabin inji ya yi tsadar da ya yi a kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cakuɗa kuɗin gwamnati da kuɗin kamfani. Za a kira ka a ce kayanka sun iso, kawo kuɗin kwastam kaza, kai kuma mota ta daɗe a kwance, mai ita yana ta kira, sai ka tura ba tambaya. Alhali a ciki akwai ladan kamfanin aika saƙo na kiliya, wato fitar da kaya daga hannun kwastam, akwai kuɗin ajiya in kaya sun kwana biyu, akwai na ejan, waɗannan duk ba fito ba ne kuma rangwamen dala 300 bai shafe su ba. Haƙƙinka ne ka ce a rarrabe maka a rubuce, wannan na kwastam ga takardar kimantawa ga rasit, wannan namu ne. In kayanka ba su kai iyakar ba kuma aka ce akwai fito, ka tambayi dalili cikin ladabi, ka nuna takardar sayen kayan da shaidar biyan da ka yi ta banki.

Mu ma da namu laifin, gaskiya ɗaya ce. Wasu sai su roƙi mai sayarwa ya rubuta dala 250 a kan kayan dala 600 don su shige ƙarƙashin iyaka. Jami'in da ke ganin irin kayan nan kullum ya san farashinsu, doka ta ba shi dama ya ƙi yarda da takardar ya sake kimantawa, kuma ƙaryar daraja laifi ce da kan jawo tara ko ƙwace kaya. Sannan in kayan suka ɓace a hanya diyyar da za a ba ka a kan ɗan abin da ka sa aka rubuta ne. Haka tsofaffin tayoyi, suna cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, arharsu ko ƙarancin kuɗinsu ba zai sa a sake su ba.

Kirana ga hukumar kwastam, sau huɗu a shekara ya ishi mai mota ɗaya, amma bakaniken da motoci ke cika garejinsa zai cinye huɗun nan kafin wata biyu, ya kamata a duba yadda za a ƙara wa masu sana'a da ke da rajista. Kuma sanarwar da aka fitar da Turanci a Abuja ba ta isa gindin bishiyar da ake kwance inji ba. A zo gidajen rediyo a yi bayani da Hausa, a zauna da ƙungiyoyin kanikawa da shugabannin kasuwannin sifiya, a liƙa ƙa'idar ɓaro-ɓaro a sashen karɓar kaya na filin jirgin Malam Aminu Kano da na Legas da Abuja, tare da lambar da mutum zai kira in an caje shi abin da doka ta yafe masa.