Zuciya ta yi girma, ƙarfi ya ragu

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Garwa ta ƙasar Kamaru. Yau ina tare da Malam da kuma Likita, kuma tambayar da ta tara mu daga gidanmu ta fito. Wata 'yar'uwata ta dawo daga asibiti da hoton ƙirji da takarda rubuce da Faransanci, aka fassara mata cewa zuciyarta ta yi girma, alhali ba ta iya kaiwa bakin kasuwa sai ta tsaya hutu sau uku. Likita, ta yaya naman da ya ƙaru zai rasa ƙarfi?

Likita: Hajiya, amsar tana ga cimar zuciya. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana guda, kuma kowane bugu sai ta biya shi da wani sinadari mai suna ATP. Abin da take ƙerawa ta kashe a kwana ɗaya ya kai wajen kilo 6, amma abin da ke ajiye a cikinta ba zai riƙe ta ko da minti ɗaya ba. Rayuwarta ta hannu baka hannu ƙwarya ce. Shi ya sa kusan kashi ɗaya bisa uku na kowace ƙwayar naman zuciya wasu ƙananan murahu ne da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona abinci da iskar oksijin.

Malam: Da me ake hura waɗannan murahu?

Likita: Lafiyayyar zuciyar baligi tana samun kashi 60 zuwa 90 cikin ɗari na ƙarfinta daga kitsen da ke yawo cikin jini, sauran kuma daga sukari da makamantansa. Kitse a wurinta kamar gawayi ne, yana ci a hankali, yana ba da zafi mai yawa. To, idan hawan jini ya daɗe ba a shan magani, wanda shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya a ƙasashenmu, bangonta yakan yi kauri kamar damtsen maƙeri, sai dai ƙananan jijiyoyin da ke kai masa jini ba sa ƙaruwa daidai da kaurin, murahun kuma suna lalacewa. Daga nan sai zuciya ta rage ƙona kitse ta karkata ga sukari, kamar yadda take yi tun jariri yana ciki.

Hajiya: Wannan kuwa ai dabara ce, tunda ta sami mafita.

Likita: Da farko dabara ce, domin sukari bai kai kitse cin oksijin ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin ƙarin sukarin ba ya shiga murhu, a bakin ƙofa ake farfasa shi. Ƙwayar sukari da aka ƙona sarai tana ba da ATP kusan 30, wadda aka tsaya rabin hanya kuwa 2 kacal. Wutar kara ke nan. Idan ciwo ya yi nisa, ATP ɗin zuciya yakan ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, har wani masani na Jami'ar Oxford, Stefan Neubauer, ya kwatanta ta a 2007 da injin da mai ya ƙare masa.

Malam: Ni kam wannan kwatancin bai gamsar da ni ba, Likita. Mai yana nan cikin jini, injin ne ya kasa shansa, kamar babur ɗin da aka cika wa tanki da zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, amma kafireto ya toshe.

Likita: Na yarda da gyaranka, Malam, kuma shi ya sa ƙara wa mara lafiya maiƙo a abinci ba ya warkar da shi. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: sakin da zuciya ke yi bayan ta matse ma yana cin ATP. Zuciyar da ba ta da abin biya ba ta saki sosai ta karɓi jini, sai jinin ya taru a huhu, mutum ya kasa kwanciya rigingine sai da matasai biyu ko uku.

Hajiya: Amma sai na ga an ba 'yar'uwar tawa maganin da ke rage gudun bugun zuciya, abin ya ɗaure mini kai.

Likita: Jakin da ya gaji, kaya ake rage masa, bulala ba ta ƙara masa komai. Idan bugun ya ragu, abin da zuciya ke kashewa ya ragu, ta kuma sami sararin shan nata jinin, domin galibi lokacin da ta saki take sha. Akwai ma maganin ciwon sukari mai suna dapagliflozin, wanda babban gwaji na 2019 ya nuna yana amfanar masu gazawar zuciya ko da ba su da ciwon sukari. Ki gaya mata kada ta dakatar da magani don ta ji sauƙi, ta kuma rage gishiri da dunƙulen miya da kunun kanwa, domin ruwan da suke tara wa jiki zuciyar ce za ta ɗauka.