Darasi: Ɗora Babbar Manhajar Kwamfuta a Kan Tabulet Mai Araha

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau ya taso ne daga tambayar da mutane da dama suke yi bayan sun sayi tabulet mai araha, sun haɗa mata kibod, sannan suka tarar har yanzu ba ta wuce babbar waya ba: shin za a iya ɗora mata babbar manhaja irin ta kwamfutar tebur, wato Windows ko Linux, domin ta yi aikin ofis na gaske? Amsar ba ta rataya ga faɗin fuskar na'urar ko sunan kamfanin da ke rubuce a bayanta ba. Masarrafar da ke cikinta, wato processor, ƙwaƙwalwar na'urar, ita ce take yanke hukunci, don haka daga kanta za mu fara.

Masarrafa gida biyu ce a wannan fage. Akwai gidan x86, wanda Intel da AMD suke ƙerawa, kuma shi ne a cikin mafi yawan kwamfutocin tebur. Akwai kuma gidan ARM, wanda yake cikin wayoyi da kusan dukkan tabulet masu Android, inda masu araha suka fi zuwa da masarrafar MediaTek, Unisoc, Allwinner ko Rockchip. Kowane gida yana da harshen umarninsa, kuma manhajar da aka gina wa ɗaya ba ta tashi kai tsaye a kan ɗayan. Kafin ka taɓa komai, ka buɗe wata ƙaramar manhaja irin CPU-Z ka ga sunan masarrafarka da yawan ram ɗinka, domin waɗannan bayanai biyu su ne za su nuna maka hanyar da ta rage maka.

Mu fara sallamar batun Windows, tun da shi aka fi tambaya. Gaskiya ne Microsoft ta fitar da Windows 10 mai aiki a kan ARM a 2017, amma an tsara ta ne domin wasu masarrafan Snapdragon na kamfanin Qualcomm, ba domin tabulet mai MediaTek ko Unisoc ba. Manhajojin da ake tallatawa cewa za su mayar maka da Android ta koma Windows da dannawa ɗaya, galibinsu fuskar kawai suke kwaikwaya, wasunsu kuma hanya ce ta shigo maka da manhajar cutarwa. Ina ba da shawarar a guje su gaba ɗaya.

Wanda ya fi kowa sa'a shi ne mai tsohuwar tabulet ta Windows, irin waɗanda suka cika kasuwa tsakanin 2014 da 2016 ɗauke da masarrafar Intel Atom, misali Z3735F ko x5-Z8350, da ram gigabayit 2 da ma'adana gigabayit 32. Wannan na'ura kwamfuta ce cikakkiya a ƙaramin jiki. Matsalarta a yau ita ce Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman aƙalla ram gigabayit 4 da ma'adana gigabayit 64, abin da ya fi ƙarfinta. Linux ce take sake ba ta rai. Za ka buƙaci filash, kibod mai waya, da na'urar raba ƙofar USB (hub) da wayar OTG da ke haɗa su da tabulet, saboda yawancinsu ƙofa ɗaya tak suke da ita, kuma ita ce ta caji, wanda ke nufin sai ka cika batir kafin ka fara.

A nan ne tarkon da ya fi kama mutane yake. Da yawa daga waɗannan na'urori masarrafarsu 64-bit ce, amma tsarin UEFI da ke tayar da su 32-bit ne, shi ya sa za ka shirya filash daidai yadda aka koya maka, na'urar kuma ta ƙi ganinsa kwata-kwata. Abin da take nema shi ne wani ƙaramin fayil mai suna bootia32.efi. Debian, wani nau'in Linux, ta tanadi mafita tun fitowarta ta 8 a 2015, Fedora ma, wani nau'in, tana tashi a kan irinsu, don haka gara ka fara da ɗayansu a kan ka yi ta fama da wadda ba ta tanada ba. Ka kashe Secure Boot, wato tsaron tashi da ke cikin saitunan UEFI, ka tayar da Linux daga filash ba tare da girkawa ba, ka gwada wayifai, sauti, taɓa fuska da juyawarta. Kyamara ce ta fi yawan ƙin aiki. Idan fuskar ta ƙi jin taɓi, sau da yawa wani fayil na kamfanin Silead ne ya ɓace, kuma daga cikin tsohuwar Windows ɗin ake ciro shi, saboda haka kada ka goge ta kafin ka kwafe direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke sa kayan jikin na'urar aiki.

Yanzu mu zo ga mafi rinjaye, masu tabulet ta Android. Mutum zai ce, tun da Android kanta a kan ƙwayar Linux, wato kernel, aka gina ta, me zai hana a cire ta a sa Debian? Abin da ke hanawa shi ne kwamfutar tebur tana gaya wa babbar manhaja kayan da ke jikinta lokacin tashi, ita kuwa tabulet ta ARM ba ta yin haka. Sai an rubuta wa kowane samfuri nasa bayanin, wanda ke faɗin inda fuska, batir da sauti suke haɗe, sannan a samo direbobin da kamfanoni masu araha ba kasafai suke sakinsu ba. Ga kuma makullin tashi, wato kullen bootloader, wanda buɗe shi yana goge duk abin da ke cikin na'urar, wasu kamfanonin ma ba sa bari a buɗe shi. Aikin postmarketOS, wanda aka fara a 2017 a kan Alpine Linux, yana da jerin na'urorin da ya iya tayarwa, haka ma Ubuntu Touch da al'ummar UBports suka ci gaba da riƙewa bayan kamfanin Canonical, mai ita, ya janye a 2017. Idan lambar samfurinka ba ta cikin jerin daidai harafi da harafi, kada ka ɗora fayil ɗin wanda ya yi kama da shi, domin nan ne tabulet take mutuwa ta ƙi tashi.

Hanyar da na fi amincewa da ita ga irin wannan na'ura ita ce a bar Android a inda take, a zaunar da Linux a cikinta kamar baƙo. Ka sauke Termux, manhajar rubuta umarnin Linux a Android, daga rumbun manhajoji na F-Droid, ka buɗe ta, ka rubuta pkg update, sannan pkg install proot-distro. Bayan nan ka rubuta proot-distro install debian, ka jira ta gama saukewa. Domin samun fuskar tebur, ka rubuta pkg install x11-repo, sai pkg install termux-x11-nightly, ka kuma girka manhajar Termux:X11 daga shafin masu aikin a GitHub. Ka tayar da ita da termux-x11 :0 &, ka shiga Debian da proot-distro login debian --shared-tmp, ka rubuta apt update, sannan apt install xfce4. Idan ta kammala, export DISPLAY=:0 da startxfce4 za su buɗe maka teburin. Daga nan za ka iya girka LibreOffice da Firefox irin na kwamfuta, ba tare da ka rasa ko hoto ɗaya daga cikin Android ba.

Na zaɓi fuskar tebur ta XFCE, wato xfce4 ɗin da muka girka, ne da gangan. GNOME, wata fuskar tebur, ta fi dacewa da yatsa, amma tana cin ram, kuma a na'ura mai gigabayit 2 ko 3 wadda Android ta riga ta kwashe kaso mai yawa, nauyinta ba zai bari a yi aiki ba. Maɓallan XFCE ƙanana ne, don haka linzami da kibod wajibi ne, ba ado ba. A sani kuma cewa proot, wadda ke riƙe da Debian a cikin Termux, tana tare kowane kira da manhaja ta yi wa ƙwayar tsarin ta gyara shi kafin ya wuce, wanda ya sa girke-girke da buɗe manyan fayiloli suke jan ƙafa. Rubutun takardu, lissafi a jadawali da koyon Python suna tafiya lafiya, amma tace bidiyo da Docker ba wurinsu ba ne.

Saura matsala guda da za ta iya sa ka zaci ka yi kuskure alhali ba ka yi ba. Tun daga Android 12, tsarin yana kashe ƙananan ayyukan da manhajoji suke haifarwa a bayan fage idan jimillarsu ta haura 32, kuma tebur ɗin Linux yana haura wannan adadi cikin sauƙi. Alamarta ita ce komai ya rufe farat ɗaya, Termux ta nuna saƙon da ke ɗauke da signal 9. A Android 14 zuwa sama, ka shiga saituna, ka taɓa lambar gini sau 7 domin zaɓuɓɓukan masu gina manhaja su bayyana, sannan ka kunna zaɓin da ke cire takunkumin ƙananan ayyuka. A Android 12 da 13 kuwa, sai an haɗa tabulet ɗin da wata kwamfuta an aika umarnin ta hanyar adb, manhajar da ke ba Android umarni daga kwamfuta. Ka kuma cire Termux daga cikin manhajojin da tsarin tattalin batir yake tsayarwa, in ba haka ba zai riƙa dakatar da ita duk lokacin da fuska ta mutu. Yadda ake aika wancan umarni na adb shi za mu ɗauka a darasi na gaba, in Allah ya kai mu.