Amsoshin Tambayoyinku: Gidan Janar Aguinaldo

Jama'a, assalamu alaikum. Lokaci ya matse mu yau, ga wasiƙu jibge, bari mu fara.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi tana tambaya ko gidan da aka shelanta 'yancin ƙasar Filifin yana nan. Hajiya, yana nan daram a garin Kawit, lardin Cavite, kudu da Manila. Gidan iyayen Janar Emilio Aguinaldo ne, jagoran masu yaƙin neman 'yancin ƙasar, an gina shi a 1845 zamanin mulkin Sifaniyawa, a ciki aka haife shi a 1869.

Wani ɗalibi daga Zariya yana so mu rubuta masa tarihin gidan kaf mu aika masa. Kai samari, aikin makarantarka ne, je ka buɗe littafi!

Sai tambayar da ta fi yawa, daga Kano, Damagaram har Kumasi: wai yaushe Filifin ta sami 'yanci, 1898 ko 1946? Ga malamin tarihi tare da mu. Malam, bismilla.

Malam: To, na gode. Kafin nan, wannan barandar da baƙi ke rububin ɗaukar hoto a gabanta, babu ita a 1898, Janar ne ya ƙara ta daga baya da ya faɗaɗa gidan. Daga taga aka yi shelar, ranar 12 ga Yuni. Ambrosio Rianzares Bautista, mai ba Janar shawara, ya karanta takardar, aka ɗaga tutar da aka ɗinko a Hong Kong. Kuma gidan akwai ƙofofin ɓoye, ga hasumiya...

Malam, a gafarce ni, shekarun fa aka tambaya.

Malam: Ina zuwa. Su sun yi shela, amma Sifaniya ba ta amince ba, Amurka ma haka. A Disambar 1898 aka zauna a Paris, Sifaniya ta miƙa wa Amurka ƙasar a kan dala miliyan 20. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da 'yan Filifin a 1899, aka kama Aguinaldo a 1901.

Madalla. Bari in maimaita don waɗanda rediyonsu ke ƙara. A 1898 'yan ƙasa suka ce sun 'yantu, daga tagar gidan nan. A 1946, ranar 4 ga Yuli, Amurka ta sakar musu mulki. A 1962 Shugaban Filifin Diosdado Macapagal ya mayar da bikin 'yancin zuwa 12 ga Yuni. Ni dai ina bayansa: a yi cinikinku ba ku wurin, kuma ranar da mai saye ya ga dama ita za ku yi wa biki? Haba!

Mai tambaya daga Garwa, eh, a harabar gidan aka binne Janar. Ya ba gwamnati gidan a 1963, ya rasu a 1964 yana da shekara 94.

Wanda ya tambayi ko da hannun Janar a kisan Andres Bonifacio, wani jagoran masu neman 'yancin, wannan ba maganar minti ɗaya ba ce. Malam zai dawo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.