Kafin ka ɗaga guduma a gidan sama

An rubuto daga laccar da wani injiniyan gini ya gabatar a Aboabo, Kumasi, ƙasar Ghana.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamai, Hajiyoyi na can baya, kuna jina? To madalla.

Abu huɗu zan faɗa a kan gyaran fulat, irin wanda mutum ke saya a cikin bene da ake zaune da wasu, kamar gidajen hukumar fansho, SSNIT, na Asuoyeboah ko sabbin nan na Asokore Mampong. Yaranmu na Jamus da Amurka sun fara saye, suna turo kuɗi suna cewa, Baba a fasa nan, a faɗaɗa falo.

Na farko, bango. Mu da muka taso a gidan yawa mun saba, kowa da ɗakinsa, in ka samu kuɗi ka kira birkila ya ƙara maka baranda, iyaka a yi ƴar hayaniya a tsakar gida. Bene ba haka yake ba. Abin da ka saya shi ne cikin ɗakunanka. Ginshiƙi, da dekin da ke kanka, da na ƙarƙashin ƙafarka, da matakala, da rufi, da babban bututun ruwa, duk na tarayya ne. Dekin da kake takawa shi ne rufin Alhajin da ke ƙasa. Ku riƙe wannan, rufinsa ne!

Bango kuma iri biyu ne. Akwai mai raba ɗaki kawai, akwai mai ɗauke da nauyin gini. Fenti ɗaya, filasta ɗaya, ido ba ya bambance su. Na taɓa shiga wani fulat, ba zan faɗi unguwa ba don mai shi yana iya kasancewa a nan (dariya), na tarar an sassaƙe ginshiƙi har rodi ya fito tsirara, wai don firij ya shiga lungu. Firij! Na tambayi birkilan, ya ce ai kaɗan ya sassaƙe. Hawa uku na mutane suna kwance a kan wannan kaɗan ɗin. Ba mu manta benen kantin da ya rufta a Achimota, Accra, a Nuwamban 2012 ba, mutane fiye da goma suka rasu. Gini ba ya ihu kafin ya faɗi, ƴar tsaga ce za ka gani, ƙofa ta fara ƙin rufuwa, shi ke nan. Saboda haka duk bangon da za a taɓa, a nemo zanen ginin, injiniya ya duba ya sa hannu. Birkila gwani ne a aikinsa, ina girmama su, amma lissafin nauyi ba nasa ba ne.

Kuma tun kafin dokar gwamnati, addini ya riga ya faɗa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado. Malam, na faɗa daidai? To. Maƙwabcin sama da na ƙasa ma maƙwabta ne.

Na biyu, banɗaki, don shi ne ya fi kawo faɗa. Ka cire tayil, ka matsar da masai, ba a shafa maganin hana yoyo ba, bayan wata biyu silin ɗin maƙwabcinka ya yi taswira, ruwan najasa na ɗiga a kan gadonsa. Kai ka jawo, kai za ka biya.

Sai takarda. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, lamba 936, ta ce ba a gini ba tare da izinin majalisar yanki ba, kuma sauya tsarin gini yana ciki. Fenti da sauya famfo babu ruwansu. Mu nan majalisar Asokore Mampong ce, na cikin gari KMA, majalisar birnin Kumasi. In ka ƙi, kun san jan fentin nan da ake rubutawa a bango, a dakatar da aiki a kawo takarda. Sannan ka karanta yarjejeniyar sayen gidanka, yawanci tana cewa sai hukumar gidan ko ƙungiyar mazauna ta yarda, har da lokutan da aka yarda a yi buge-buge.

Na nawa muke? Wuta dai. Dokar wayarin ta 2011 ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne kaɗai zai ja waya. Mita ta kamfanin wuta, ECG, ce, kada yaronka ya taɓa.

Na'am, Hajiya? A ba ta lasifika. Tana cewa ita haya take, ta sa tayil da kuɗinta, yanzu mai gida ya ce ta tashi. Hajiya, kun rubuta wani abu? Ba ku rubuta ba. To nan ne matsalar. Ɗan haya ba ya sauya komai sai da yardar mai gida, a rubuce, a faɗi nawa aka kashe, da ko za a cire daga kuɗin haya. Amma shi ma ba zai watso miki kaya waje don ya ga dama ba, akwai dokar haya ta 1963. Tattara rasit ɗinki, ki nemi mai tayil ɗin ya tsaya miki shaida, ki je ofishin kula da haya. Ki same ni bayan salla in duba takardun.